Darasi na Tara: Ɗakin Haya, Yadda Mace Za Ta Mallaka, Ta Riƙe, Ta Ci Moriya

Lokaci: zama biyu, kowanne awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.
Kayan aiki: littafin rubutu, biro, da tsakuwa goma sha biyu ga kowace mace.

Abin da za mu koya
1. Yadda za ki tabbatar ɗakin da kika zuba wa kuɗinki naki ne.
2. Yadda ake lissafin kuɗin haya, a san na gida, a san na aljihu.
3. Yadda ake zaɓen ɗan haya, a rubuta yarjejeniya, a rabu lafiya.

Gabatarwa

Duk shekara idan ranar fasa akwati ta matso, tambaya ɗaya nake ji a ƙungiyoyin da nake zagayawa a Ringim da ƙauyukan Taura: "Malama, in na karɓi rabona, ɗaki zan gina in sa haya, ko tumaki zan saya?" Tambaya ce mai kyau. Irin wannan adashi namu na akwati matan Maraɗi ne suka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma duk inda ya je ya zauna, mata kan fara da ƙulli da awara, su kai ga kiwo, daga nan ido ya koma kan fili da gini.

Masu neman ɗaki kuwa akwai su. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da Dutse babban birni, ma'aikata ke ta shigowa, sannan aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, ɗalibai suka ƙaru. A nan Ringim muna da malaman makaranta da aka turo daga wasu garuruwa, da ma'aikatan babban asibiti, da ɗaliban kwaleji, da masu yi wa ƙasa hidima. Da kaka kuma 'yan kasuwa na neman sito su tara riɗi da zoɓo da shinkafa.

Amma fa ɗakin haya kamar tunkiyar kiwo yake. Sai kin ba shi ya ci kafin ya ba ki. Wadda ta cinye kuɗin haya duka, wata rana za ta wayi gari babu hayar, babu ɗakin. Ni na ɗanɗana, shi ya sa zan fara da labarina.

Abin da ya same ni

Rabona na shekara uku na haɗa, na sayar da raguna biyu, na gina ɗaki biyu a wani kango na maigidana da ke jikin gidanmu. Da na nemi izini, cewa ya yi: "Ai ni da ke duk ɗaya ne, na ba ki, ki gina." Daga ni sai shi a ɗaki aka yi maganar. Ban kira kowa ba, kunya ta hana ni in ce a rubuta. Wa zai ce wa mijinsa kawo takarda?

Shekara biyu ina karɓar haya, sai Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan na fita takaba aka zo lissafin gado, sai na ji an sa kangon da ɗakunan a cikin dukiyar mamaci. Na ce nawa ne. Wan mijina ya ce: "Ba mu ƙaryata ki ba, amma wa ya shaida?" Gaskiyarsa, akwai marayu a ciki, har da 'ya'yan abokiyar zamana, kuma haƙƙinsu yake karewa.

Abu biyu suka cece ni. Na farko littafin ƙungiya, wanda ya nuna ranar da na karɓi rabo da adadinsa, shekara uku a jere. Na biyu maginin da ya yi aikin, wanda ya zo gaban mai unguwa da liman ya ce daga hannuna yake karɓar kuɗin bulo da na aiki. Aka yi sulhu: ginin nawa ne, filin na gado ne. Aka yi wa filin kuɗi, aka cire daga tumunin takabata, na cika sauran a hankali. Wata bakwai aka yi ana wannan magana, kuma har yau akwai wadda ba ma gaisawa da ita sosai. Takarda guda da shaidu biyu da sun raba mu da duk wannan.

Kashi na ɗaya: Naki ne kuwa?

A Musulunci dukiyar mace tata ce. Aure ba ya mai da ita ta miji. Sai dai abin da ba shi da shaida, riƙe shi da wuya. Ɗakin haya yakan zo hannun mace ta hanya uku, kowace da abin lura.

Idan saye kika yi. Kafin ki ba da ko sisi, a je wurin mai unguwa ko dagaci a tambayi asalin filin. Na wane ne? Na gado ne? An raba? An taɓa sayar wa wani ko an jinginar? A tambayi maƙwabtan filin na gabas da yamma, kudu da arewa, su nuna iyaka. A rubuta takardar ciniki da sunanki, cikakke, da na mahaifinki. Ko da ɗanki ko ƙaninki ne ya tsaya miki, a rubuta shi a matsayin wakili, ke ce mai saye. Mai sayarwa ya sa hannu, shaidu su sa, mai unguwa ya buga hatimi. Ki sani kuma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, mu haƙƙin zama da amfani muke riƙewa. Filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardarsa, na cikin birni kuma gwamnatin jiha. Don haka idan hali ya samu, ki kai takardar cinikinki ofishin filaye na sakatariya a nuna miki matakin gaba. Ki yi mata hoto biyu, ki ajiye ɗaya a gidan iyayenki. Ta asali ki sa a leda, ki ɗora a sama, inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Idan gado kika ci. Kada ki ɗora bulo ko ɗaya a gidan da ba a raba ba. Sau da yawa 'yan uwa maza kan ce: "Ki bari kawai, ana karɓar haya ana ba ki naki." In kun yarda da hakan, to a rubuta kason kowa, da sunan mai karɓa, da watan da za a riƙa rabawa. Neman a raba gado ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne da Allah Ya yanka miki.

Idan kyauta aka yi miki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ya rasu ba a karɓa ba, ta koma gado. To in maigida ya ce ya ba ki fili, ki yi godiya, ki ce: "Malam, don Allah a kira mutum biyu su shaida, saboda halin rai." Namijin da ya ba ki da zuciya ɗaya ba zai ƙi ba.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan musamman: ruwa. Garinmu yana kusa da kogin Haɗeja, kuma duk mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa ƙauyukan Ringim. Fili mai araha da rani, ki je ki gan shi a watan Agusta. Ki tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. In a kwari yake, arahar ba ta da amfani.

Kashi na biyu: Lissafin tsakuwa goma sha biyu

Kowace ta ɗauki tsakuwarta ta jera a gabanta. Kowace tsakuwa kuɗin hayar wata ɗaya ce.

Ware uku, ki tura gefe. Waɗannan na gida ne: yaɓe kafin damina, toshe yoyon kwano, gyaran indararo, ƙofa da kwaɗo, yashe masai, daɓen da ya fashe.

Ware ɗaya kuma. Wannan ta watan da ɗaki zai zauna babu kowa ce, ko watan da ɗan haya zai gagara biya. Ko bana bai faru ba, baɗi zai faru.

Saura nawa? Takwas. To waɗannan takwas su ne naki.

Mu sa kuɗi a kai, misali kawai, ku canza da farashin garinku. A ce ɗaki naira 4,000 ne a wata. A shekara 48,000 ke nan. Na gida 12,000. Na watan banza 4,000. Naki 32,000. Yanzu a ce ginin ɗakin ya ci miki 480,000. Raba 480,000 da 32,000, zai ba ki 15. Wato shekara goma sha biyar kafin kuɗin da kika zuba su dawo.

Na san wata za ta ce: "Kai, Malama, ashe gara tumakin!" Ta wani fannin haka ne. Tunkiya tana haihuwa cikin shekara, kuma ranar da buƙata ta taso, kya kai ta Gujungu ki dawo da kuɗi a ranar. Ɗaki ba ya sayuwa da gaggawa. Amma ɗaki ba ya mutuwa da ciwon dabbobi, ɓarawo ba ya kwance shi da dare, filin da yake kai yakan ƙara daraja, kuma ranar da zaman aure ya ƙare ko tsufa ya zo, kina da inda za ki sa haƙarƙarinki. Shawarata ita ce, kada ki kashe sana'ar da ke ba ki na cefane don ki yi gini. Sana'a ta ci gaba, gini ya biyo baya a hankali: bana fili, baɗi bulo, wata shekara rufi.

Daga wannan lissafi ne ƙa'idarmu ta fito: ba a cin bashin akwati don gina ɗakin haya. A tsarinmu mace na iya rancen har ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. Ɗakin 4,000 a wata uku 12,000 zai kawo, in ma an gama shi an samu mai shiga. Wadda ta ranci 60,000 ta zuba a gini, da me za ta biya? Sai ta sayar da akuya, ko ta riƙe kuɗin 'yan uwanta. Gini da kuɗin rabo ake yinsa. Rance kuwa sai dai na ƙaramin gyara, wanda kin tabbata hayar da ke tafe za ta rufe shi.

Ina za ki ajiye tsakuwa huɗun nan? Kada ki bar su a ƙarƙashin katifa, biki ɗaya zai cinye su. Ki zuba su a akwati a matsayin ƙarin hannun jari, ki sa alama a littafinki cewa na gida ne. Ni ban yi haka ba a farko. Daminar 2022 katangar bayan ɗakunana ta jiƙe ta zauna, ba ni da ko naira ta gyara, ɗan hayana ya kwashe kayansa, ɗaki ya yi wata biyar a rufe. Tun bazara na ga tsagar, na ce sai an kwana biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ruwa ne ya shiga.

Kashi na uku: Tambayoyin da mata suka fi yi mini

Wa zan ba haya?

Kada ki duba tufafi, ki duba hanyar abinci da hali. Me yake yi? Yaushe kuɗi ke shigo masa? Ina ya zauna a da, me ya tashe shi? Wa ya san shi a garin nan da zai tsaya masa? Baƙon da ba a sani ba, a kai shi wurin mai unguwa ya gan shi kafin a ba shi makulli. Wannan kariya ce gare ki da maƙwabta. In ɗakin a cikin gidan da kike zaune yake, ki yi shawara da maigida da sauran mutanen gida, kuma ki fi son mai iyali ko mace ma'aikaciya. In shago ne ko sito, ki tambayi abin da za a ajiye. Fetur a jarka ba ya shiga ginin da mutane ke kwana kusa da shi, komai kuɗin da aka ba ki.

Wata-wata zan karɓa ko shekara?

Ki bi yadda kuɗi ke zuwa wa mutumin. Ma'aikaci ƙarshen wata, ku sa rana, misali biyar ga sabon wata. Manomi da ɗan kasuwar amfanin gona da kaka suke da kuɗi, a karɓi na shekara a lokacin. Ɗalibi kuma farkon zangon karatu. Kuɗin shekara yana da daɗin karɓa, amma yana da tarko: ya zo a dunƙule, ya tafi a dunƙule. Ranar da kika karɓa, a ranar za ki ware na gida.

Dillali fa?

Yana da amfani, musamman ga wadda ba ta fita. Amma a yanke la'adarsa tun farko, a san wa zai biya, ke ko mai shiga. Kuma dillali aikinsa haɗa ku ne. Kuɗin haya hannunki zai zo.

Ina cikin kulle, wa zai karɓar mini?

Ki naɗa wakili, amma ki sa ɗan haya ya san ke ce mai ɗaki. In kina da asusun banki ko na waya, a turo kai tsaye, saƙo ya shigo wayarki. In hannu da hannu ne, a sayi ƙaramin littafin rasit. Duk biya a rubuta rana, da adadi, da watan da aka biya wa, ɗan haya ya riƙe ɗaya, ɗaya ya zo miki. Wata 'yar ƙungiyarmu ta yi wata takwas ɗanta na ce mata malamin makarantar nan bai biya ba. Ranar da ta aika a yi masa magana, sai ga malam da takardunsa, kowane wata da sa hannun yaron. Da rasit na zuwa hannunta, da tun watan farko ta gane. In ba ki iya karatu ba, ki kawo littafin wurin zama, magatakardar ƙungiya ta duba miki.

Ɗan uwa ya nemi ɗaki, in karɓi kuɗinsa?

Nan ne mata da yawa muke faɗuwa. Ɗan yayata ya zauna mini wata goma sha huɗu, kullum "Inna, sai an yi albashi," ni kuma nauyin uwarsa ya hana ni magana. Ƙarshe kuɗin bai fito ba, zumuncin ma ya yi rauni. Ki zaɓi ɗaya tun ranar farko. In taimako ne, ki ce: "Na ba ka wata shida kyauta don Allah, daga nan ina son ɗakina." In haya ce, a rubuta kamar ta kowa, a gaban babba a dangi. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a bar magana a tsakiya, shi yana ganin kyauta ce, ke kina ƙirga bashi.

Wa zai yi gyara?

Abin da tsufa ko ruwa ko iska ya lalata, naki ne: rufi, katanga, masai, rijiya. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa, nasa ne: kwaɗon da ya karya, gilashin da yaransa suka fasa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kin karɓi kuɗin mutum, ba daidai ba ne ya kwana yana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. In ya ce zai gyara a cire a kuɗin haya, to ya faɗa miki kafin ya taɓa, ku yarda da adadin. Sau biyu a shekara ki leƙa ko ki aika: kafin ruwan farko, da bayan ɗaukewar damina. A yi sallama, a nemi izini, don ɗakin da kika ba da haya sirrin mai zama ne a ciki.

Wuta da ruwa fa?

Sau da yawa bashin wuta yakan rage a kan gida bayan ɗan haya ya tashi. In mita ɗaya ce ga ɗakuna da yawa, a yanke kason kowa a rubuce, a sa mutum ɗaya mai tarawa, ki riƙa ganin takardar biya. Kafin kowa ya fita, a tabbatar babu saura. Haka sharar tsakar gida da wankin ban ɗaki, a raba kwana tun farko, don yawancin faɗan gidan haya daga nan yake tashi.

Yaushe zan ƙara kuɗi?

Idan wa'adi ya ƙare za a sabunta, ba a tsakiya ba. Ki sanar da wuri, aƙalla wata biyu ko uku. Ki tambayi abin da maƙwabta ke karɓa. Kuma ki tuna da lissafinmu: mai biya a kan lokaci, mai tsafta, mai zaman lafiya, in kika kore shi saboda ƙarin naira 500, ɗakin ya zauna wata biyu, kin yi asarar 8,000. Sai sabon ya yi wata goma sha shida yana biyan ƙarin kafin ki mayar.

Ya ƙi biya, ya zan yi?

Mataki-mataki. Da farko ki ji dalili. Wanda albashinsa ya makara ko rashin lafiya ta same shi daban yake da mai taurin kai, kuma sassauta wa wanda ke cikin ƙunci abin lada ne. Ku yanka yadda zai riƙa ragewa, a rubuta. In bai cika ba, a kira wanda ya tsaya masa. In bai ji ba, a je wurin mai unguwa ko liman a yi sulhu. In duk ya gagara, a ba shi wa'adin tashi a rubuce, a gaban shaidu. A yawancin jihohin ƙasar nan, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida. Wa'adi ya cika bai fita ba, sai kotu. Abin da ba za ki yi ba: kada ki sa wa ɗakin kwaɗo da kayansa a ciki, kada ki cire ƙofa ko kwano, kada ki tura samari su watsa masa kaya waje. Kina da gaskiya, sai ki mai da kanki mai laifi a gaban alƙali.

Akwai zakka a kan gidan haya?

Ginin kansa ba a fitar masa da zakka. Kuɗin hayar da kika tara, in sun kai nisabi tare da sauran kuɗinki kuma suka shekara a hannunki, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Nisabi yana canzawa da farashin zinariya, sai ki tambayi malamin unguwarku na bana.

Kashi na huɗu: Takardar yarjejeniya

Wasu na cewa rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba sai an je wurin mai buga takarda ba, falle ɗaya na littafin makaranta ya isa, da boko ko da ajami. Ga yadda za a tsara:

Yau ranar ...... ga watan ...... shekarar ......
Ni ...... 'yar ...... na ba ...... hayar ɗakina da ke unguwar ......
Tsawon haya: daga ...... zuwa ......
Kuɗi: naira ...... a wata ko a shekara, za a biya ranar ......
Mutanen da za su zauna: ......
Abin da ke cikin ɗakin yau: ƙofa, taga, makulli guda ......, da halin da suke ciki.
Gyaran rufi, katanga da masai na mai ɗaki ne. Abin da ɗan haya ya ɓata shi zai gyara.
Kuɗin wuta da ruwa: ......
Ba zai ba wani ɗakin ba, ba zai fasa ko ya ƙara gini ba, sai da izinina.
Duk mai son a rabu zai sanar da wata ...... kafin lokaci.
Sa hannu ko dangwalen mai ɗaki, ɗan haya, wanda ya tsaya masa, da shaidu biyu.

A karanta da ƙarfi kowa ya ji kafin a dangwala. A yi biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Aikin rukuni

Ku rabu gida uku.

Rukuni na ɗaya: ku tambayi kuɗin hayar ɗaki ɗaya a garinku, da abin da gininsa zai ci yau. Ku yi lissafin tsakuwa, ku faɗa mana shekara nawa kuɗin zai dawo.

Rukuni na biyu: ku yi wasan kwaikwayo. Ɗaya ta zama matar da mijinta ya ce ya ba ta fili, ɗaya ta zama mijin. Ta nemi a kira shaidu ba tare da an ɓata rai ba. Sauran ku gyara mata lafazi.

Rukuni na uku: ɗaya ta zama mai ɗaki, ɗaya ɗan ƙanwarta da ya yi wata huɗu bai biya ba. Wace magana za ta fara yi? Wa za ta kira?

Tambayoyin tattaunawa

1. A cikinmu wa ke da fili, ko ɗaki, ko kason gado? Da sunan wa takardar take, kuma ina take a yanzu?
2. Waɗanne unguwanni ne ruwa ke kwanciya a garinmu?
3. In 'yar ƙungiya ta nemi rance don gini, me za mu ce mata, kuma wace hanya za mu nuna mata?

Aikin gida

Kafin zama mai zuwa, duk mai fili ko ɗaki ta nemo takardarta ta gan ta da idonta, ta sa a karanta mata sunan da ke jiki. Wadda ba ta da takarda ta zo da sunayen mutum biyu masu rai da suka san yadda abin ya zama nata, mu taya ta shawarar yadda za a je wurin mai unguwa. Wadda ke da ɗan haya ta zo da littafin rasit, ko da sabo ne ba a fara rubutu a ciki ba.

Allah Ya sa albarka a abin da muke tarawa, Ya ba mu masu zama na gari, Ya sa mu ma mu zama masu riƙon amana. Sai mako mai zuwa, a zo da wuri, kuma masu makulli kada a manta.